Injin Iska Don Garejin Gida a Sakkwato: Wanne Ya Dace da Aikinka da Wutar Unguwarku?

Duk wanda ya ware gareji ko wani ɗaki a gidansa domin aikin hannu, ko gyaran mota da babur ne, ko kafinta, ko fenti, ba ya daɗewa bai fara tunanin sayen injin iska ba, wato abin da masu sana'a ke kira kwamfiresa. Ruɗanin yakan fara ne a shago, inda zai tarar da injuna iri-iri a jere, kowanne da manyan lambobi a jikinsa, mai shago kuma yana nuna masa wanda ya fi girman tanki a matsayin wanda ya fi ƙarfi. Injunan da suka dace da gida kashi huɗu ne: ƙarami marar man inji, mai man inji wanda motarsa, wato injin lantarkin da ke juya shi, ke manne da famfonsa, mai bel, da kuma mai injin fetur. Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a fara tsayar da ma'aunin da za a auna su da shi, domin injin da ya yi shekara goma lafiya a garin da ke da sanyi da tsayayyiyar wuta yana iya ƙonewa a bazararsa ta farko a Mabera ko Arkilla.

Ma'aunin farko: yawan iskar da injin ke bayarwa

Lambobi uku ne ake gani a jikin kowane inji, wato ƙarfin doki, girman tanki da matsin iska, amma lamba ta huɗu wadda ba kasafai ake rubuta ta da manyan baƙaƙe ba ita ce ta fi su muhimmanci, ita ce yawan litar iskar da famfon ke turowa a minti ɗaya. Tanki kamar randa yake, famfo kuma shi ne mai ga-ruwan da ke cika ta, saboda haka komai girman randar, idan masu ɗiba sun fi mai zubawa sauri, ƙarewa za ta yi. Lissafin ba shi da wuya. Yawancin injunan gida suna tsayawa idan matsi ya kai ba 8 (ba, wato bar, ma'aunin matsin iska ne), kimanin 116 a ma'aunin PSI, sannan su sake tashi idan ya sauko ba 6. Tanki mai lita 50 tsakanin waɗannan matakai biyu yana ajiye iskar da ta kai kimanin lita 100 ne kawai, alhali bindigar fentin mota tana iya shan lita 250 zuwa 400 a minti ɗaya. Ke nan cikin daƙiƙa ashirin ko kusa da haka ajiyar ta ƙare, daga nan sai abin da famfon ya iya bayarwa.

Akwai kuma wata dabarar 'yan kasuwa da ya kamata mai saye ya sani. Lambar da ake rubutawa a kwali galibi ita ce iskar da fistin ke zuƙa, ba wadda ke fitowa a bakin tiyo ba, kuma wadda ke fitowar takan tsaya ne a kashi biyu cikin uku na wancan adadi ko ƙasa da haka. Idan aka rubuta lita 200 a minti, a ƙaddara 120 zuwa 140 za a samu. Kamfanonin da ke mutunta masu saye suna rubuta adadin gaskiyar da alamar FAD, wasu kuma suna amfani da CFM, wanda guda ɗayansa daidai yake da lita 28 da ɗoriya a minti. Yawancin kayan aikin iska an ƙera su ne su yi aiki a kan PSI 90, wato ba 6 da 'yan kai. Buga iska a tayar mota, wadda ke buƙatar PSI 30 zuwa 35, da harba ƙananan ƙusoshi, da hure ƙura, duk ba sa cin iska sosai. Injin kwance noti mai rabin inci yana cin kimanin lita 110 zuwa 140 a minti, amma a yanke yake cinta, ba a jere ba. Fenti da injin goge jikin mota su ne masu cin iska ba ƙaƙƙautawa.

Ma'auni na biyu: wutar da ke gidan

A nan ne mafi yawan masu saye a Sakkwato suke tafka asara. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma duk wanda ke zaune a ƙarshen layi, ko a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, ya san yadda takan sauka da yamma a watan Afrilu lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Motar injin iska tana jan wuta ninki uku zuwa shida na abin da ta saba ci a daidai lokacin tashi, kuma idan wutar ba ta da ƙarfi sai ta tsaya tana gurnani ba ta juya ba, koyil yana ɗaukar zafi, har ya ƙone. Dokin inji ɗaya wat 746 ne, saboda haka mota mai doki 2 tana jan amfiya 7 zuwa 9 idan tana tafiya, mai doki 3 kuwa takan kai 12 zuwa 14, wanda ya riga ya kai iyakar filogin gida mai amfiya 13.

Wanda zai dogara da janareta ya yi wannan lissafin tun kafin ya biya kuɗi. Ƙaramin janaretan nan na kallon talabijin ba zai ko motsa inji mai doki 2 ba, abin da ake buƙata shi ne mai kVA 4 zuwa 5, mai doki 3 kuma yana son fiye da haka. Haka zancen yake ga masu sola, domin inbata ba ta jure irin wannan fizgar tashi sai in tana da rarar ƙarfi mai yawa.

Sauran ma'aunai: zafi, ƙura, gyara, kuɗi da haɗari

Littattafan yawancin injunan nan suna cewa kada a yi aiki da su a wurin da zafinsa ya wuce digiri 40, ga shi kuwa daga Maris zuwa Mayu Sakkwato takan wuce hakan a inuwa, balle a cikin gareji mai rufin kwano ba silin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce, wadda injin ke zuƙa tare da iska. Don haka ƙarko a nan yana nufin yadda inji ke jure zafi da ƙura, da kuma ko akwai wanda zai iya gyara shi a gari ba sai an aika Kano ko Legas neman kaya ba. Game da kuɗi, kusan duk injunan shigo da su ake yi, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashinsu bin dala yake yi, shi ya sa abin da ya fi amfani shi ne a san wanne ya fi wanne tsada, da abin da kowanne ke ci bayan saye. Haɗari kuwa ya haɗa da fashewar tanki, gobara ko jan wuta, da hayaƙi.

Zaɓi na ɗaya: ƙaramin inji marar mai

Wannan shi ne mai tanki lita 24 zuwa 50, wanda fistinsa ke da zobe na wata roba mai santsi a madadin mai. Iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Akwai mai araha wanda ke gudu kusan zagaye 2,850 a minti, mai ƙarar da ba a iya magana kusa da shi, akwai kuma wanda ake kira marar ƙara, mai kawuna biyu, wanda ke tafiya a kan kimanin zagaye 1,400, ƙararsa ba ta wuce ta hirar mutane da ɗan ɗaga murya ba. Na biyun ya fi na farkon tsada, kuma a ganina shi kaɗai ne ya cancanci a yi maganarsa a gidan da iyali ke zaune.

Fa'idarsa a bayyane take. Ba a zuba masa mai, ba a canzawa, iskarsa tana fita ba maiƙo, mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa, sannan mai wat 750 yana tashi da wutar da ba ta cika ƙarfi ba, har inbata matsakaiciya takan iya ɗaukarsa. Rauninsa shi ne iskarsa kaɗan ce, ba ta wuce lita 60 zuwa 80 a minti ga mai wat 750 ba, kuma zoben robar nan ba ya shiri da ƙura. Duk ƙwayar yashin da ta kuɓuce wa matata sai ta kankare shi, tun da babu man da zai kwashe ta, kuma idan ya cinye sai injin ya riƙa daɗewa kafin ya cika tanki, daga baya ya kasa kai wa ba 8 gaba ɗaya. Ana sayar da zoben da silindarsa a haɗe, amma samun daidai girman a kasuwarmu sai an sha yawo, don haka mai hikima yakan tambayi mai shago ko yana da su tun ranar ciniki.

Zaɓi na biyu: mai mai, mota manne da famfo

Shi ne ya fi yawa a shaguna, da sunaye irin su Ingco da Total da wasu da dama, yawanci doki 2, tanki lita 24 ko 50, kuma a kan kuɗin da aka biya shi ne ya fi ba da iska. Yana iya kwance notin taya, ya buga iska, ya harba ƙusa, ya kuma yi ƙaramin fenti kamar na ƙofa ko tankin babur idan mai fentin yana da haƙurin jira. Man da ke cikinsa yana rage masa cin jiki, kuma bakanike ko mai naɗin koyil na unguwa ba ya rasa yadda zai yi da shi, tun da kafasita da makunnin matsi da bawul ɗinsa kusan iri ɗaya ne a duk kamfanonin.

Sai dai famfon yana gudu daidai da gudun motar, kusan zagaye 2,850 a minti, kuma wannan gudun ne ke jawo masa zafi da ƙara da gajeren kwana. An yi shi ne ya yi aiki ya huta, kusan rabi da rabi, ba ya yi ta juyawa daga hantsi zuwa azahar ba. Wanda ya ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa a bazarar Sakkwato zai ga mai kariyar zafi yana yanke shi a kai a kai, kuma babban kuskure shi ne a kira mai gyara ya tsallake wannan kariyar domin aiki ya ci gaba, daga nan sai ƙonewar koyil. Yana kuma tura ɗan maiƙo cikin iska, wanda ke ɓata fenti idan ba a sa matatar mai da ruwa ba. A duba lambar doki da kyau, domin akwai masu rubuta 3 ko fiye a kan motar da girmanta bai wuce na doki 2 ba, kuma adadin amfiya da ke kan farantin motar ya fi lambar kwali faɗin gaskiya.

Zaɓi na uku: mai bel

A nan mota daban, famfo daban, bel ne ke haɗa su, tankin kuma lita 100 zuwa 200, doki 2 ko 3. Saboda babbar ƙafar da bel ke juyawa, famfon yana tafiya a hankali, tsakanin zagaye 1,000 da 1,500 a minti, ƙafar kuma tana da fukafukai da ke hura wa kawunan iska. Silindar yawanci ta baƙin ƙarfe ce, man da yake ɗauka ya fi yawa, shi ya sa a cikin huɗun nan babu wanda ya kai shi jure zafi da dogon aiki. Mai doki 3 na ƙwarai yana bayar da iskar gaskiya kimanin lita 250 zuwa 300 a minti, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da mai fentin mota zai yi aiki da shi ba tare da tsayawa kowane minti ba. Wani abin da ke ƙara masa daraja a garinmu shi ne kowane ɓangare ana iya canza shi shi kaɗai. Idan motar ta ƙone a naɗa ta ko a sa wata, idan bel ya tsinke masu sayar da kayan mota ba sa rasa makamancinsa, kai ana ma iya cire motar lantarkin a ɗora injin fetur idan hali ya canza. Na kamfanonin Italiya irin su ABAC da Fini da Fiac sun yi suna a wannan aji, na Sin kuma sun fi sauƙin kuɗi, ingancinsu kuwa ya danganta da wanda aka dace da shi.

Tsadarsa ba ta tsaya a shago ba. Yana buƙatar layin wuta nasa na kansa daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin murabba'in milimita 4 ga mai doki 3, da bireka irin wadda ke jure fizgar tashi, da wayar ƙasa ta gaskiya, kuma wannan aiki ne na ƙwararren mai haɗa wuta. Yana da nauyi, yana cin wuri, kuma a gidan da wuta ke zuwa rabi-rabi sai ya zama kayan ado sai ranar da aka tayar da babban janareta. A lura kuma cewa da yawa daga masu doki 4 zuwa sama wutar layi uku suke so, wadda mafi yawan gidaje ba su da ita. Ta fuskar haɗari, kada a yarda a yi aiki da shi babu ragar da ke rufe bel, domin injin yana tashi da kansa ba sanarwa da zarar matsi ya sauka, kuma babbar riga ko hannun yaro ba ya buƙatar daƙiƙa guda kafin bel ya kama shi.

Zaɓi na huɗu: mai injin fetur

Wannan shi ne na masu faci a bakin titi, famfon bel ne aka haɗa shi da ƙaramin injin fetur irin Honda GX160 ko kwaikwayonsa, wanda kowane mai gyaran janareta ko injin ban-ruwa a fadama ya san cikinsa da wajensa. Ba ruwansa da ɗaukewar wuta, ana kuma iya ɗora shi a mota a kai shi gona ko wurin gini. Amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafinsa ya canza. Injin irin wannan yana shan kimanin lita 1 zuwa 1.5 a awa idan yana aiki sosai, alhali mota mai doki 2 tana cin kusan yunit 2 na wuta a awa guda ta juyawa, wanda ko a farashin rukunin A, na masu samun wuta mafi yawa, da kamfanin Kaduna Electric mai ba Sakkwato wuta ya sanar a Yulin 2024, wato naira 209.5 kowane yunit, bai wuce naira 400 da 'yan kai ba. Bayan haka, injin lantarki yana mutuwa idan tanki ya cika, na fetur kuwa ci gaba yake da juyawa yana shan mai.

Babban abin tsoro a nan shi ne hayaƙi. Injin fetur yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida, kuma buɗe ƙofar gareji kaɗai ba ya isa idan garejin yana manne da ɗakunan kwana. Wanda ya zaɓi wannan ya gina masa rumfa a waje, nesa da tagogi, ya ja tiyo zuwa ciki.

Haɗin gida da na hannu

Yawancin injunan masu faci ba daga kamfani suka fito a haɗe ba, masu walda ne ke haɗa su da famfon birkin babbar mota ko kwamfiresar firji, da tsohuwar tukunyar gas ko wani bututu da aka toshe bakinsa. Araharsu ba ta da na biyu, kuma ba a raina basirar masu haɗa su, amma araha ba ta ado. Tukunyar gas an ƙera ta ne ta ɗauki matsi, sai dai da zarar an huda ta an yi mata walda, wannan tabbacin ya tafi, ga shi sau da yawa ba a sa mata bawul ɗin zubar da ruwa a ƙasa, ba a kuma sa bawul ɗin kariya mai sakin iska idan matsi ya wuce kima. Kwamfiresar firji kuwa, duk da ƙarancin iskarta, tana iya tura matsi ya ninka abin da tankin gida ke ɗauka idan babu abin da zai yanke ta. Tankin da ya fashe yana yaga ƙarfe ya watsa shi, kuma abin da za a iya haƙuri da shi a fili bakin titi ba a kawo shi cikin gidan da yara ke wasa.

Na hannu da aka shigo da shi yana iya zama ciniki mai kyau, musamman mai bel na Turai, da sharaɗin a buɗe bawul ɗin ƙasa a ga abin da zai fito. Idan ruwan ja ne mai kauri da ɓarɓashin tsatsa, ko aka ga alamar waldar gyara ko faci a jikin tankin, a bar shi ko da kyauta ne, domin tanki daga ciki yake ruɓewa, fentin waje ba ya nuna komai. A karanta farantin motar kuma, saboda yawancin ƙananan kayan Amurka bolt 120 ne da zagayen wuta 60, namu kuwa 230 da 50.

| Nau'i | Kuɗin saye | Ƙarko a zafi da ƙura | Sauƙin kafawa da kulawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Marar mai, marar ƙara | Matsakaici | Kaɗan zuwa matsakaici | Mafi sauƙi | Cinyewar zobe, wahalar samun kaya |
| Mai mai, mota manne | Mafi sauƙi cikin sababbi | Matsakaici idan ana hutar da shi | Mai sauƙi, sai canjin mai | Ƙonewar koyil, ƙara mai yawa |
| Mai bel | Mai tsada, ga kuɗin jan wuta | Mafi ƙarko | Sai da mai haɗa wuta | Bel marar raga, ƙarancin wuta |
| Mai injin fetur | Mai tsada, ga kuɗin mai kullum | Mai ƙarko | Kulawar inji biyu | Hayaƙi mai guba, gobara |
| Haɗin gida | Mafi araha | Ba tabbas | Ya danganta da mai haɗawa | Fashewar tanki |

Kafawa, ko wanne aka saya

A zaɓi kusurwar da ta fi sanyi, wadda rana ba ta dukan bangonta da yamma, a ajiye injin a daɓe madaidaici a kan roba mai kauri, a bar tazarar aƙalla santimita 30 zuwa 50 tsakaninsa da bango. Masu rufe shi cikin akwati domin rage ƙara suna dafa shi ne da zafinsa. Bakin shan iskarsa ya yi nesa da ƙofar da ƙura ke shigowa, da wurin da ake yankan katako ko fesa fenti, matatar kuma a duba ta kowane mako a hunturu. Idan wurin aiki yana da nisa, tiyo ake ƙarawa ba wayar wuta ba, domin doguwar siririyar waya tana ƙara rage wutar da dama ba ta isa ba, tiyon kuma ya kasance mai faɗin ciki milimita 8 ko 10. Wanda zai ja bututu a bango ya guji fayif ɗin roba na ruwa, wanda zafi ke busarwa, matsi kuma ya tarwatsa shi kamar gilashi, ya yi amfani da na ƙarfe ko wanda aka yi domin iska. Matatar ruwa ta fi aiki idan ta yi nisan wasu mitoci daga tankin, saboda sai iskar ta huce ruwan ke rabuwa da ita.

Ranar farko, idan mai mai ne a tabbatar man ya kai jan ɗigon da ke tsakiyar ɗan gilashin dubawa, a cire marfin da aka toshe shi da shi domin tafiya a sa mai hudar numfashi. Man kwamfiresa ake zubawa, mai lamba ISO 100 ko abin da littafin ya faɗa, ba baƙin man mota ba, wanda ke barin gawayi a kan bawul. A buɗe bawul ɗin ƙasa a bar injin ya juya minti 15 zuwa 30 babu matsi, sannan a rufe a tsaya a ga ya yanke da kansa a kan ba 8, a ja zoben bawul ɗin kariya a ji ya saki iska, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai domin gano inda ke yoyo. Man farko ana canza shi da wuri, yawanci cikin awa 50 na farkon aiki. Ruwan tanki a zubar da shi duk ranar da aka yi aiki, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin da damina ke cika iska da laima.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da aka ƙera injunan. Maɓallin da ke kan makunnin matsi ba yanke wuta kawai yake yi ba, yana kuma sakin iskar da ta maƙale a kan fistin, ita ce 'yar ƙarar fitar iska da ake ji idan injin ya tsaya. Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, wannan iskar tana nan, kuma da an dawo da wutar motar za ta yi ƙoƙarin tashi da kaya a kanta, wataƙila ma babu kowa a garejin. Don haka da zarar wuta ta ɗauke a kashe shi daga maɓallinsa, haka ma kowane dare. Sannan a gargaɗi yara da almajiran sana'a da babbar murya cewa ba a wasa da bakin tiyo a jikin mutum, domin iskar da ta shiga ta ido, kunne, rauni ko dubura tana iya kisa.

Wanne ga wa

Ma'aikacin da garejinsa na ƙarshen mako ne, buƙatarsa buga iska a tayar mota da babur da keken yara, hure matatar mota, da ɗan harba ƙusa, musamman idan gidansa sola ce ko maƙwabta suna kusa, ƙaramin marar mai marar ƙara ya ishe shi, ya haɗa da zoben ajiya guda. Mai gyaran babur ko Keke Napep a ƙofar gida, da kafintan da aikinsa a yanke yake, wanda kuɗinsa bai kai na mai bel ba amma yana da janareta mai kVA 4 ko 5, ya ɗauki mai mai na lita 50, ya kuma tsara aikinsa mai nauyi da safe kafin rana ta take. Wanda zai yi fentin mota ko kujeru a matsayin sana'a, ko zai riƙa aiki da injin gogewa, kada ya ɓata kuɗinsa a kan biyun farko, mai bel na doki 3 ne nasa, amma ya fara kiran mai haɗa wuta ya auna bolt ɗin gidan da rana da kuma bayan magariba kafin ya je shago. Wanda ke bayan gari inda wuta ba ta zuwa sai jefi-jefi, ko aikinsa na yawo ne tsakanin gona da wuraren gini, mai injin fetur ne ya dace da shi, a rumfar waje. Idan kuma aljihu bai kai ko'ina ba sai haɗin gida, to a bar wa mai walda famfo da firam, tankin kuwa a sayi na kamfani mai farantin da ke nuna iyakar matsinsa, a sa masa bawul ɗin kariya da na zubar da ruwa kafin a buga masa iskar farko.